Insha'in da Ya Ci Tara Cikin Goma

Zuwa ga abokin aikina, Mista Nwafo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka a raye, kai da Madam da yara. Ba ni da adireshinka, shi ya sa na aika wa jarida, ko wani daga cikin mutanenku zai gani ya kai maka. Yau mako biyar ke nan da na tsaya a tasha ina kallon motar da kuka shiga ta nufi bakin iyaka. Wasu sun ce ta ƙetare, wasu sun ce an tare ta a hanya. Na daina tambaya.

A kwaleji an haɗa mini ajinka na insha'in Turanci da nawa. Kujerarka tana nan a ofishin malamai. Ba mai zama a kanta, ba kuma mai ambaton sunanka.

Ka tuna dokar da muka kafa shekara takwas da suka wuce. Ranar Alhamis ɗalibai su rubuta insha'i, wanda ya fi kowa maki malami ya karanta nasa da bakinsa a gaban aji ranar Litinin. Kai ka dage cewa ba ruwanmu da ra'ayin ɗalibi. Kakan ce, "Kyari, ba zuciyarsu muke dubawa ba, jerin maganarsu muke dubawa." Na yarda, domin haka aka koya mini a Ingila, lokacin da nake zaton zan dawo in zama wani abu. Abokan karatuna suka zama manya a Kaduna, ni na tsufa a nan ina gyara wa 'ya'yan mutane jimla.

Wannan makon na ba su kan magana da na ga ba zai taɓa kowa ba: garinmu nan da shekara goma. Yawancinsu sun rubuta jirgin ƙasa da famfo da lantarki. Mutum ɗaya ya rubuta Maiduguri da babu ku mutanen Gabas a cikinta.

Ba zan faɗi sunansa ba, ka san shi. Mutumin unguwar Ajilarin nan da ya zo mana bai iya haɗa jimla biyu ba, wanda kake zaunar da shi a gindin darbejiya bayan an tashi, kana nuna masa inda sakin layi yake ƙarewa. Ya yi gabatarwa, ya jera hujja uku, ya kawo maganar mai musu ya rushe ta kamar yadda ka koya masa, sannan ya kammala da cewa duk wanda ya ɓoye baƙo a gidansa shi ma baƙo ne. Sau uku na karanta da jar tawada a hannu ina neman kuskure. Ban samu ba. Tara cikin goma. Mai bi masa shida.

Ya san kun kwana biyu a gidana a unguwar Shehuri kafin ku sami mota. An kuma ce an gan shi cikin masu yawo da sanduna a ranakun da aka far muku. Da zai miƙa mini littafinsa sai ya ce, "Malam, ina jiran Litinin." Cikin ladabi ya faɗa, har da russunawa.

In na rage masa maki, ajin zai gane, sun san dokar kamar yadda na san ta. In na karanta, ɗalibai arba'in za su ji wannan magana daga bakina, kuma baɗi malamai ne a ƙauyuka. Mai ɗakina ta ce in karanta in huta, ai takarda ce. Jiya na gwada ni kaɗai a aji bayan an watse. A hujja ta biyu na rufe littafin.

Ka san ni ba jarumi ba ne. Kai ne ka yi mako kana mini dariya don na hau benci saboda kunama, kana kirana Baba Jar Tawada. Ni kuma ina tsokanarka cewa Barbarcinka kalma ɗaya ce, "wushe", wadda kake gaida kowa da ita har jakin mai ruwa. Yanzu kuwa in aka yi sallama a ƙofar gida sai na leƙa kafin in amsa.

Duk da haka na yanke shawara, ɗan'uwana. Zan ba shi taransa, domin ya ci. Amma ba zan karanta ba. Zan ajiye littafin a kan tebur in gaya musu dokar nan kuskure ce, ni da kai muka yi shi. Abin da zai biyo baya ban sani ba. Daga kwaleji zuwa Shehuri tafiya ce mai nisa ga tsoho a kan keke.

Kafin a buga wannan takarda, Litinin ta wuce.

Allah Ya sa motar nan ta ƙetare. Allah Ya tsare ka da iyalinka, Ya yafe mana abin da muka koyar ba mu duba ba. In kana raye, ka sa ni a addu'a a cocinku, ba zan ƙi ba.

Naka har kullum,
Malam Kyari