Wa Zai Gaya wa Kaka Zancen Shuɗiyar Hula?

Anti Odessa, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Farin ciki ne ya yi mana yawa a gida har ya haifo matsala, kuma ni ake so a ɗora wa.

Bari in fara da mai daɗin. An ɗauki yayana Tremaine a zaɓen sababbin 'yan ƙwallon kwando na bana, a zagayen farko ma kuwa. In kina shiga intanet kin san shi, shi ne wanda suke ce wa Tsoho. Wai don shekararsa ashirin da uku, ya zauna ya gama jami'a, alhali 'yan sha tara ake rububi. Babu irin abin da ban karanta ba. Wani ya ce a ba shi sanda, ba ƙwallo ba. Wani ya ce ya gama girma, abin da aka gani shi ke nan. Ni kuwa ban ƙyale ko ɗaya ba, ina shago ina gyara wa mata farce, ina ba su amsa da ɗaya hannun. Na ce yaranku sai an yi shekaru ana dama musu koko a benci, nawa kuwa gobe a sa shi ya tsare duk wanda ake jin tsoro. Yanzu duk sun yi tsit. Wasu ma goge rubutunsu suke yi, ba su san na riga na ɗauki hoto ba.

To ga inda abin ya cakuɗe. Kakarmu, Kaka Earline, ita ta rene mu tun rasuwar mamanmu, kuma ita ta hana shi barin karatu lokacin da ake zuga shi. Cewa ta yi a gidanta sai an kawo takardar digiri kafin a kawo kofin gasa. Ita kuma duk duniya ba ta da kulob sai masu jar riga na birnin da ke kusa da mu, tun marigayi kakanmu yana kai ta kallo a tsohuwar motarsa.

Ranar zaɓen Tremaine yana New York da wakilinsa. Ko teburan gaba ba a gayyace shi ba, cikin 'yan kallo ya zauna. Mu kuma mun cika zauren majami'a, an soya tarwaɗa, ga burodin masara, ga ƙaton talabijin. Kafin a kira sunansa wayata ta yi ƙara. Masu kwarmata labari sun riga sun saka: jajaye za su kira shi, amma sun yi musayarsa da masu shuɗiyar riga, can arewa wajen iyakar Kanada. Kin san yadda ake yi, kafin ofishin gasar ya sa hannu a musaya, hular waɗanda suka kira sunanka ake ɗora maka. Haka ya hau dandali, aka miƙa masa jar hana-salla ya saka.

Anti, zauren nan kamar zai tsage. Kaka ta miƙe tsaye babu sanda, rabona da in ga haka na manta. Tana hawaye tana cewa, "Ubangiji ya bar min shi a gida." Kawu Cleotis, ƙanen mamanmu, shi ma ya gani a tasa wayar. Kafin masu sharhi su buɗe baki ya zare wayar wutar talabijin daga bango, ya ce, "To jama'a, mun ga abin da muka zo gani, kifi yana hucewa."

Daga ranar zuwa yau duk garin ya sani, ban da ita. Wayarta mai maɓalli ce, rediyonta kuma Kawu ya cire batir ya ce ya lalace. Fasto ma ran Lahadi da ya zo addu'a sai ya ce Allah ya tsare yaronmu "duk inda aka kai shi", matan gaba suka sunkuyar da kai.

Abin haushin, musayar nan ita ce babban rabonsa. Jajayen suna da mutane jibge a gurbinsa, da benci zai ɗumama ko a tura shi ƙaramar gasa. Shuɗayen kuwa bara rashin mai tsaro ne ya fitar da su, shi suka zo nema takanas, har suka ba da zaɓensu na gaba a kansa. Kocinsu ya kira shi ina zaune a gefe, ya ce, "Ni ba reno na ɗauko ka ba, aiki na ɗauko ka. Ka zo da takalmanka." Na zagaya can bayan gidanmu na yi ta tsalle ni kaɗai, don ba halin in yi a falo.

Kaka kuwa ta kai jan yadi wajen tela, da hular coci kalarsa. Duk wanda ya shigo sai ta gaya masa bayan benci za ta riƙa zama, kuma alƙalin wasa ya shiga taitayinsa. Har saƙa take yi masa, mayafin wuya mai kauri da safar hannu, a wannan zafin na Yuni, wai filin wasa akwai sanyin na'ura. In na gan ta da zaren nan sai in ji kamar in fashe da kuka. Tana da hawan jini, ba ta hawa jirgi, ta rantse ba za ta fara da tsufanta ba.

Shi kuma gogan, in ya dawo gida sai ya tsaya a kwanar layi, ya jefa shuɗiyar hular a but ɗin mota, ya ɗora jar. Jiya ya ce min, "Ƙanwata ta kaina, ke ce mai baki, ki gaya mata." Na ce, "Kai da kake tare ƙatti masu kai kamar zai taɓa silin, tsohuwa ce ta gagare ka?" Kawu ya ce a bari sai an fara kakar wasa. To Litinin zai tafi sansanin horo, wata mai zuwa kuma za a nuna wasannin sababbi a talabijin, da shuɗiyar riga a jikinsa.

In faɗa mata ne, ko in bi ta Kawu? Ina tsoron jininta, ina kuma tsoron ta ji a bakin wata a wajen gyaran gashi. Ki yi haƙuri na cika ki da surutu.

Ƙanwar Tsoho, daga Mississippi

*

'Yata,

Barka da arziki, ke da gidanku duka. Kulob ya ba da nasa don ya sami yayanki saboda ya shirya tun yanzu. Wannan nasara ce cikakkiya, kada ruɗanin hula ya rage miki daɗinta.

Kawunki ba mugunta ya yi ba. A cikin taro, tsohuwa tana tsaye tana hawaye, ni ma da na zare wayar. Amma abin da ya dace na yini ɗaya bai dace da wata guda ba. Yanzu gari guda yana kallon kakarku tana murna a kan abin da babu shi, kuma ranar da ta gane, wannan zai fi yi mata ciwo a kan nisan arewa.

Ba ke za ki faɗa ba. Labarin Tremaine ne, daga bakinsa ya kamata ya fito, kafin Litinin. Ke ki zauna kusa da ita. Ku zaɓi safiya, bayan ta karya ta sha maganinta, daga ku sai ita. In hankalinku bai kwanta ba, ku fara tuntuɓar likitanta. Wayarki kuma ki bar ta a ɗaki, wannan ba na ɗaukar hoto ba ne.

Ya shigo da hulunan biyu a hannu. Ya fara da maganar da kocin ya yi masa, kalma da kalma, sannan ya gaya mata dalilin da ya sa aka zo nemansa: shekarun nan da ta tilasta masa ya zauna. Aikinta ne aka yaba. In ta yi kuka ku bar ta ta yi, tana da hakkinsa. In ta yi faɗa a kan ɓoyon, ku ba ta haƙuri ba tare da kare kai ba, Kawu kuma ya mayar da batir.

Ku tuna mata shuɗaye suna zuwa wasa gidan jajaye duk shekara. Kujerar nan ta bayan benci tana nan, bencin ne kawai ya sauya. Jar hular a bar mata, a cikinta aka kira sunan jikanta.

Abu na ƙarshe. Na sha zama a irin filayen nan, ban taɓa ganin mai safar hannu ba. Matar da ta rene ku, take zama cikin matan coci kowace Lahadi, ta ɗauko zare mai kauri a tsakiyar zafin Yuni, ina jin ta san inda ake sanyi, wato arewar da zai tafi. Wataƙila jira take ta ga ko yaron da aka ce ya shirya fuskantar manya zai iya fuskantarta.

Allah ya ba shi sa'a a sabon gari, ya ƙara wa Kaka lafiya. Ke kuma ki leƙa wajen tela, ki tambaya ko yana da shuɗin yadi.

Anti Odessa