Wa Ce Ce Shugabar 'Yan Gaid ta Kaoje?

Daga Kaoje

Zuwa ga Hajiya Safina, Segbana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanki da iyalinsa, da gwiwar nan taki da ta girme ki. Sabis ya ɗauke mana tun farkon damina, shi ya sa na koma takarda. Yero direba zai kawo miki.

Jikarki Madina ta zo jiya da littafin rubutu, wai tarihin 'yan gaid na Kaoje, sikawut ɗinmu na mata, take tarawa. Ta tambaye ni wa ce ce shugabar farko. Na ce ni ce. Ta ce ke ma haka kika ce. Na ba ta labarin yadda munka dawo daga kwalejin malamai da usur ɗaya tal, munka tara ɗiyan mutane ƙarƙashin tsamiyar makaranta, iyaye suna cewa za mu mai da 'ya'yansu soja. Na faɗa mata ba su sakar mana ba sai shekarar ambaliya, da yaranmu sunka ɗaure karayar wani masunci da sanda da ƙyallen wuya. Usur kuwa a wuyana yake tun ran farko. Ke murya gare ki, ban hana ba.

Madina tana riƙe da yaran gaid na yanzu da kyau. Sai dai gari ba daɗi. Mutanen daji sun matso, noma ma sai kusa da gida.

Ki gaida kowa. Taki,
Shafa'atu

Daga Segbana

Shafa'atu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa tana gaishe ki. Usur ɗin da kike taƙama da shi, ni na ba ki riƙo ranar da muryata ta dishe, kika ƙi maidowa har munka tsufa. Wa ya je gaban hakimi ya durƙusa? Wa ya koya wa yara alamar hanya, dutse kan dutse, kibiya da ƙirare? Ki faɗa wa Madina gaskiya. Kin san yarinyar nan, abin da na ce shi take ɗauka.

Yero ya yi mini wata magana a bakin mota, bai ƙarasa ba. Wai an ga alamomi a hanyar fadama. Wane irin alamomi? Kada ki rufe ni.

Allah ya bar zumunci.
Safina

Daga Kaoje

Hajiya Safina,

Sallama da gaisuwa. Ba zan rufe ki ba, zauna ki karanta.

Madina ta fitar da yara hanyar fadama, wasan bin sawu, irin wanda kika koyar. Na gaba suna aje duwatsu da kibiyar ƙirare, na baya suna bi. Kin tuna ƙa'idarki, wadda ta zo ƙarshe ita ke watsa alamun da ƙafa. To, hadari ya taso, yara sunka ruga gida, alamu sunka kwana a hanya. Bayan 'yan kwanaki soja sunka bi ta nan sunka faɗa wa sansanin mutanen daji. Soja ba su san da duwatsunmu ba, hanyar ce ɗaya. Amma mutanen daji sun ga alamun, sun ce mu munka nuna hanya, je ki faɗa wa wanda aka kashe wa ƙane.

Dama suna jin usur daga makaranta, suna ganin kaki, suna jin hagu-dama. Abin da iyaye sunka zarge mu da shi muna 'yan mata, yau ga masu bindiga sun yarda da shi.

Sun aiko ta bakin wani mai itace. Shugabar sojan mata ta fito ta same su bakin fadama kafin kasuwa mai zuwa, in ba haka ba su shigo makaranta su zaɓa da kansu. An kai ƙara inda ake kaiwa, an ce ana dubawa. Iyaye sun kwashe wasu yaran, saura ba su da inda za a kai su.

Madina ta ce ita za ta je. Ta wanke kakinta ta goge, kamar mai zuwa fareti. Ɗanta na goye yana rarrafe a kan tabarmata muna maganar. Na ce mata shugaba sunka ce, ita kuwa riƙo take yi. Ta ce, "Inna, Kaka ta ce ita ce shugaba, kuma ni ta bar wa da za ta ƙetare iyaka zuwa Segbana. Ke mataimakiya ce." A gidana, Safina, tana shan furata.

Na yi faɗa, na yi lallashi. Yarinyar ta yi alkawarin biyayya ga shugaba da yatsu uku sama, kuma ta ɗauke shi da gaske, mu munka cuce ta da haka. Maganarki kaɗai za ta ji.

Saboda haka ki rubuto mata cewa ni ce. Na san abin da nake roƙo, ke ma kin sani. Tsohuwa ce ni mai furfura, wataƙila su ji kunya su saurari bayanin wasan yara. Wataƙila kuma ba su ji ba. Na dai gwada kakina, ya yi mini yawa yanzu. Yero zai juyo gobe, kada ya juyo hannu sake.

Ki yafe mini abin da ke tsakaninmu, ban da usur.
Shafa'atu

Daga Segbana

Madina, jikata,

Ina gaishe ki. Shafa'atu ce shugabar 'yan gaid na Kaoje, tun farko har yau. Ni ban taɓa zama ba, don haka ba abin da na bar miki. Umurninta za ki bi. Ki goya yaron ki shigo motar Yero.

Ki miƙa mata takardar nan ta karanta ƙasan.

Shafa'atu, na rubuta. Ƙarya ce, kuma ina jiranki ki zo mu ci gaba da gardama. Ki sa takalmi mai kyau, hanyar fadama da taɓo. Allah ya tsare.

Safina