Su Uku da Ke Kwance a Ƙarƙashin Gadona

Zuwa ga Mai girma Umda, mai garin Hillar Maikwarya, da dattawan lajana, kwamitin gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar girma, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da jama'a.

Ranka ya daɗe, wata goma sha ɗaya ke nan rabona da gida. Ina Bur Sudan ina dakon buhuna a bakin teku. Ni ne Ilyasu ɗan Bawa mai haƙa kabari, daga kambo, bukkokin 'yan ƙwadago da ke bayan babbar tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. In sunan bai faɗo maka ba, ni ne na tsaya a ƙofar zaurenka da buhu a kafaɗa, laka har wuya, aka ce in dawo in an cire auduga. An cire ta, an shuka wata. Shi ya sa na rubuto a fili, na kuma roƙi a karanta a ƙofar masallaci ranar Juma'a.

Na farko. Kowa ya san hillarmu, garin nan namu, hawa uku ce. Akwai ku gidan tuta, jikokin waɗanda suka taso daga Sakkwato suka kafa garin. Akwai masu hawasha, da aka yanka wa gonakin ruwa, suna da takarda da ɗakin jan bulo. Sai mu, da kakanninmu suka tsaya a kan hanyar hajji neman guzuri, guzurin bai cika ba har yau. Mu ke cirar auduga, mu ke yashe tur'a. Ban yi jayayya da wannan ba, yatsun hannu ma ba daidai suke ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda rabon ya bi mu har makabarta. Tudu naku, gangare na masu hawasha, kwari namu, can gindin bagaruwa dab da magudanar da ake sako rarar ruwa. Daga baya aka zagaye tudun da waya, har da filin da ko kabari ɗaya babu, awakin gidanka na kiwo a ciki.

Akwai wani malamin tarihi mutumin Wad Madani da muke ɗaki ɗaya a nan, shi ma zamani ya mai da shi ɗan dako. Ya ba ni labarin Ingila shekara ɗari biyar da suka wuce. Wai akwai manyan da suka gaji ƙasa da suna, sai masu gonaki da rufin asiri waɗanda ba sa riƙe fartanya, sai talakawa. Manya a cikin ɗakin ibadarsu ake binne su, ƙarƙashin dutse mai suna. Talaka a waje, in wuri ya cika a tono ƙashinsa a tara gefe. Masu ƙasa kuma suna shinge makiyayar kowa saboda tumakinsu. Da ya gama na tambaye shi ko ya taɓa kwana a hillarmu. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Na biyu. A watan Safar da ya wuce tur'a ta cika tana neman fasa gonakin gabas. Gafir mai tsaron ƙofar ruwa ya buɗe magudana da umarninka. Ban ce mugunta ce ba. Da bai buɗe ba da audugar rabin gari ta tafi, mu ma a bakin audugar nan muke ci. Amma ko kalma ba a aiko kambo ba.

Da tsakar rana na isa. Rana tsaye, iska ba motsi. Ruwa ya kwanta a kwarin, ja kamar shayi, ko kwaɗo babu mai kuka. Daga kan kowane kabari kumfa na tasowa, ya tsaya, ya sake tasowa, kamar numfashin mai barci. Kasake da muke ajiyewa a kan kaburbura muna zuba wa tsuntsaye ruwa duk sun tashi, suna tafiya a jere a hankali sun nufi magudana, kamar masu fita daga masallaci. Wajen bagaruwa ruwan ya yi ƙarfi, ya ci gaɓa, ya buɗe sahun ƙarshe. A sahun nan Baba yake, da mahaifiyata Inna Dije.

Na shiga har ƙirji. Abin da hannuna ya taɓa na sa a buhun dawa. Abin da bai taɓa ba ya bi magudana, kuma ka san inda take ƙarewa, lambunka na albasa. Na ji albasar ta yi kyau. Na kuma ji matan kambo sun ƙi cire ta, sai daga Abu Na'ama aka ɗauko 'yan aiki.

Na uku. Da buhun nan na zo ƙofarka ina roƙon taku huɗu a cikin waya. Wakilinka ya ce tudu na gidan tuta ne, haka aka gada, in mai da su kwari. Kwari kuwa tafki ne a ranar, har yau in aka taka sai ruwa ya tsattsafo. Masu hawasha suka ce nasu ya cika, kuma gaskiya ne ya cika. Liman ya ce kada ƙashin Musulmi ya kwana a buhu. Sai na sayi likkafani, na ɗaga gadona na igiya, na haƙa tsakar ɗakin, na sa su, na daɓe. Ba a jima ba mai hawashar da nake wa aiki ya sallame ni, yana tsoron ɓatawa da kai. Abin da ya fito da ni ke nan.

Matata Rakiya da 'yarmu Zainabu a kansu suke kwana. Rakiya ta ce mini a waya daɓen bai bushe ba ko da bazara, damshin ya tsaya dogo, daidai tsawon mutum. Kaji ba sa shiga ɗakin. Zainabu, shekararta huɗu, kullum da safe sai ta durƙusa a bakin gado ta yi gaisuwa sau uku: Kaka, Inna, sannan Hajja. Uwar ta tambaye ta wace Hajja, ta ce tsohuwar da ke tambaya ko an rufe ruwan. Ni ba mai camfi ba ne. Na san matattu suna wurin Ubangijinsu, yara kuma na kwashe abin da suka ji a bakin manya. Sai dai ban taɓa gaya wa kowa cewa kai uku na tsamo ba. Ko Rakiya ban gaya mata ba.

Na huɗu, shi ne mai nauyin. Biyu na shiga nema, uku na samu. Baba ya tsufa yana haƙa wa garin nan, naku da nasu da namu, ya san inda kowa yake. Ya sha nuna mini wani tsohon kabari a jikin saiwar bagaruwa yana cewa nan anka sa Hajja Rabi'atu, kakar mahaifinka, wadda ta rasu shekarar da suka sauka, tun ba a raba ƙasa ba, tun ba tudu ba kwari, inuwa kawai aka nema mata. Kada ka ɗauka daga bakina. Tambayi gwaggonka Hajja Balkisu, tana raye. Ina tasowa nakan gan ta tana saukowa da buta ta cika kaskon kabarin nan, har ƙafa ta gaza mata.

Ban faɗi wannan a ranar ba, domin ba a bar ni na wuce wakili ba, kuma na ji kunyar in yi ciniki da kakar mutum. Na riƙe har na gaji. Ranka ya daɗe, na shimfiɗa su a tabarma na duba har idona ya yi ruwa. Laka ta rine su launi ɗaya. Ban iya cewa wannan haƙarƙarin na 'yar tuta ne, wancan na mai cirar auduga. A likkafani ɗaya na naɗe su. Mai raba su yanzu sai Wanda zai tashe su.

Ban manta alherinka ba. Shekarar yunwa ka buɗe rumbu, kambo ya ci. Kai ka biya motar da ta kai Inna asibiti a Wad Madani, ba ka taɓa goranta mini ba. Don haka nake zaton maganar ba ta iso kunnenka yadda take ba.

Ga abin da nake roƙo. A ba su wuri a cikin waya, su ukun tare, tunda ba su rabuwa, kafin ruwan bana ya sauko ya shiga bukkata. Liman ya tsaya a kai, ni zan zo in haƙa da hannuna, ba na neman ladan kowa. A karkatar da bakin magudana daga kwarin, domin akwai sauran iyayen mutane a ciki. In ba zai yiwu ba, to duk ranar da za a buɗe ruwa a aiko mana tun da safe. In kuwa an ce tudu ba ya ɗaukar Bawa da Dije, ku sani Hajja tana wurinmu, ba za mu wulaƙanta ta ba, Zainabu na gaishe ta kullum.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya, ya kai ka makwanci busasshe a lokacin da ya so. Allah ya jiƙan na tudu da na gangare da na kwari.

An saba ɗan ci-rani ya faɗi abin da ya tara. Aljihuna ba labari. Ga abin da na tsirar: kai uku, ƙashin cinya biyar, haƙarƙari da ƙananan ƙasusuwa rabin buhu, da kasko ɗaya mai tsaga. Cinya ta shida tana lambunka.

Wassalam.

Ilyasu ɗan Bawa,
na kambon bayan tur'a.