Ƙarya na rubuta a kan ƙanena Sani

Zuwa ga Likita, masanin halayyar matasa da kotu ke turawa wurin yaran da aka tsare,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Sunana Hadiza, matar aure ce ni a unguwar Sabo ta Ibadan, kuma yayar Sani, ɗan shekara goma sha shida da aka kama a faɗan tashar mota ta Ojoo. Sau uku ina aika maigidana ofishinka ana cewa ka tafi taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ranar da ka zo gidanmu ka tarar Inna ta kasa magana don kuka. Da aka ce maka na yi boko, sai ka ba ni littafin rubutu, ka ce in rubuta tarihin Sani tun daga haihuwa don ka fahimce shi. Ba ka gaya mini zai kai gaban alƙali ba.

Na biyu. Likita, ni mai karatun littattafan soyayya ce, waɗanda direbobin albasa ke kawo mana daga Kano. Da na ga farar takarda sai hannuna ya kuɓuce. Kwana huɗu ina rubutu, har tuwo ya ƙone mini. Na mai da Sani jarumi. Na ce yana yawo da wuƙa a ƙugu, na ce ya taɓa tarwatsa ƙarti biyar a kasuwar Bodija, na ce idanunsa kan kaɗa su yi ja. So nake ka ga ƙanena ba abin raini ba ne. Gaskiyar ita ce, dako yake yi wa masu doya, wuƙar ta yankan igiyar buhu ce, ƙartin nan kuwa babu su. Yaron da ko kaza za a yanka sai ya kau da kai.

Na uku. Lauyan Sani ya karanta mana rahotonka. Maganganuna ne aka juya zuwa Turanci, ka sa hannu, ka ce yaro ne mai haɗari. Abokan kamunsa huɗu sun koma gida, shi yau watansa bakwai a tsare. Na ɗauki laifina, ko zama ba na iya yi. Amma kai fa? Shekara da shekaru kana nazarin yara, an ce har ƙasashen waje ake kiranka. Rabin awa ka yi da Sani, ta bakin tafinta mai Hausar kasuwa. Ba ka tambayi maigidansa ba, ba ka tambayi limaminmu ba. Ashe ba a koya muku gane rubutun da ya cika daɗi?

Za a zauna shari'ar bayan Sallah. Ina roƙonka ka koma wurin Sani da tafinta na ƙwarai, ka je Bodija ka yi tambaya, sannan ka janye rahoton. An ce kuma za ka sa labarinsa a littafin da kake rubutawa. Don Allah ka cire.

In ba za ka iya ba, ka gaya wa kotu ta kira ni. Maigidana ya ba ni izini. Zan tsaya gaban alƙali da mutanen Sabo in ce ƙarya na yi, in ji kunyar, Sani ya dawo gida.

Allah ya ƙara maka basira, ya shirya maka zuriya.

Wassalam,
Hadiza, Sabo, Ibadan.