Bana Ma Ba Zan Zo Gida Ba

Giza, Disamba 2013

Baba,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? A gaishe min da Yaya Lawali.

Ni lafiya lau, kada ku damu, sai dai sanyi da binciken nan da ya ƙi ƙarewa. Ka san hanyoyin koyarwa nake gwadawa a ajin 'ya'yan Hausawan Sudan, in ga wadda ta fi sa su fahimta. Da ni, bakinsu ba ya shiru. Amma da malamin da ke duba aikina ya zo ya yi musu tambayoyi, duk suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ce uffan. Ya rubuta cewa ba su gane komai ba, ya ce khalas, wato shi ke nan, in sake daga farko. Bana ma ba zan zo gida ba. Ka lallaɓa ka gaya wa Inna.

Baba, wallahi yaran nan sun san amsa. Kunyar babba ce, irin wadda ka koya mana. Na buɗe baki zan faɗa wa malamin haka, ya ɗago ya dube ni. Ni ma na sunkuyar da kai.

A sa ni a addu'a.

'Yarka,
Ummukulthum