Littattafan Uwani za su ƙetare gada

Uwani, ɗiyata,

Gaisuwa da fatan Allah ya sanyaya makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma ba ki taɓa zama kin koyi ajamina ba, ni kuma ban yi lakwal, karatun boko, ba, ba wanda ya bi wani bashi. Amma maganar ta tsaya mini a wuya.

Gida lafiya. Masu zuwa yako, wato ta'aziyya, sun ragu. Albasa ta yi tsada a Adjamé, gwiwata tana nan yadda kika bar ta, kuma har yanzu ban sha ƙwayoyin da kika kawo ba, kada ki zaci mutuwarki ta sauya ni.

Ina da ƙorafi a kanki. Me ya sa in na yi miki Hausa kike amsa mini da Faransanci? Me ya sa kika ajiye motarki kika hau ta haya ranar da hatsarin ya ɗauke ki? Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Kin tuna ranar da kika zo magazana, ma'ajiyar albasata a Bracodi, da wata mujalla, kina murna, kika ɗora yatsa kan sunanki? Na ƙirga sunayen da ido. Tara ne, naki na tara. Na ce shekara ashirin kina bauta wa ɓeraye a labo, ɗakin bincikenku, ashe ke ce kurar baya. Na ƙi zuwa walimar da aka shirya miki. Kin buɗe baki za ki yi bayani, na ce kamiyo, motar kaya, na jirana. Ba kamiyon da ke jirana, Uwani.

Shekaran jiya abokiyar aikinki, Madam Kone, ta zo daga Treichville. Ita ta gaya mini a sana'arku sunan ƙarshe na shugaban aiki ne, kamar yadda in an gama lodi mai kaya ke sa hannu daga ƙasa. Takwas ɗin nan duk a ƙarƙashinki suke. Shekara shida ina jin haushin an wulaƙanta ki, na sauke haushin a kanki, alhali girmama ki aka yi. Don me ba ki sake gaya mini ba? Ko taurin kan nawa ne kika gada?

Ta sake mini bayanin da kika taɓa yi ban saurara ba. Wai jiki yana da masu gadinsa, sankara kuwa tana shigowa da tufafin 'yan gida, masu gadi su bar ta ta wuce. Ke kina koya musu su gane ta. Wannan na fahimta, na yi shekaru ina zaman magaza kusa da tashar jirgin ruwa, na san ɓarawon da ke gaida mai gadi da sunansa. Ba ta ce kin gano magani ba, ban kuma so ta yi mini ƙarya. Ta ce masu bincike a ƙasashen da ba ki taɓa takawa ba suna ambaton aikinki kafin su fara nasu, yadda malami ke ambaton wanda ya karantar da shi. Na tuna mahaifiyarki da yadda ciwon nan ya cinye ta kina 'yar shekara goma sha biyu, kina riƙe mata kwano. Sai na tashi na shiga ɗaki.

Ga abin da ya kawo ta. Akwai ƙananan kwalabe na gwaji cikin sanyi a firigonku na labo, kowace da lamba, kuma ma'anar lambobin tana cikin baƙaƙen littattafan nan da ke akwatinki. In ba a same su ba kafin ƙarshen wata, za a zubar da kwalaben a ba wasu wurin. Aikin shekara huɗu.

Baffanki Sani ya ce ko allura ba za ta fita daga gidan nan ba sai an raba gado, sai dangi sun iso daga Tawa bayan damina. Ya tara mini mutane, ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Na je na tambayi liman. Ya ce in magada sun yarda ba laifi. Ba ki bar miji ba, ba ki bar ɗa ba. To wane ne magajin in ba ni ba? Zannuwanki da gwalagwalanki suna nan a kulle, kowa ya zo ya gani. Takardu kuwa na san ƙarshensu in sun kai bayan damina a gidan nan: mai ƙosai za ta naɗe ƙosai da su.

Sani ya ce in na fitar da su ba zai ƙara taka ƙofata ba. Ƙanena ne, ni na kawo shi Abidjan, zai yi mini zafi. Da ma kafin rasuwarki ya daɗe bai taka ba.

Gobe bayan sallar asuba zan ɗaure littattafan a buhu sabo, in hau tasin woro-woro in ƙetare gada zuwa Treichville. Ba zan aiki kowa ba. Zan zauna a labon nan har su buɗe firigon a gabana, su haɗa kowace kwalba da shafinta, ko da zai kai la'asar. Ban taɓa shiga wurin aikinki ba kina raye. Ki yafe mini, zan shiga gobe.

Allah ya haɗa ki da mahaifiyarki a inuwa guda.

Babanki,
Mamman mai albasa, Bracodi