Kwanon Kan Katanga

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Na kai matata Sharifa tasha, bayan asuba.

Mahaifiyarta ta zame a bakin rijiya a Damagum, ƙugu ya goce. Ba wanda ya san tsawon jinyar. Ta tafi da Ummukulthum, Amir kuma yana makarantar kwana. Saura ni kaɗai a gidan.

A cikin keke ta yi ta jero mini abubuwa. Miyar da ta soya in riƙa ɗumamawa safe da yamma. In kwashe shanya idan hadari ya taso. Har ta zauna a mota ta leƙo ta taga: "Abban Amir, kwanon Goggo Joda fa. Kada ka bari ya yanke." Na ce to.

Ban taɓa sa hankali kan kwanon nan ba. Na dai san kullum kafin magariba Sharifa tana zuba abinci a shuɗin kwanon samira, ta ɗora a kan katangar da ke tsakaninmu da Goggo, wajen da ta ɗan zube. Goggo ta juye, ta zuba nata, ta mayar. Ciyayya. Tsohuwa ce, ita kaɗai a gidanta, ɗanta yana Legas.

Na dafa shinkafa, ta caɓe. Na sa mata da miyar Sharifa. Kwano ya dawo da kwaɗon tafasa.

Talata, 8 ga Yuli

Gawayi ya jiƙe. Na daɗe ina fifita kurfoti, na makara zuwa shago. Alhaji Abdulsalam, mai shagon, agogo kawai ya duba.

Da rana na ci a rumfar Hawwa'u, kusa da inda manyan motoci ke tsayawa. Shinkafa da wake, mai da yaji, har da yankan kifi. Ina ci ina lissafi. Gawayi, mai, tumatur, albasa, sabulun wanke-wanke, ga abin da ke lalacewa don ba mai cinyewa. Idan mutum ɗaya ne, sayen faranti ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Na sake bi daga farko ko na yi kuskure, don na saba yi. Ban yi ba.

Mutum ɗaya bai kai a hura masa wuta ba. Abin da lissafin ya nuna ke nan.

Alhamis, 10 ga Yuli

Miyar Sharifa ta ƙare.

Na sayo faranti biyu wurin Hawwa'u, na juye ɗaya a kwanon na ɗora. Na ga kamar na yi dabara. Ba a jima ba na ji murya ta bayan katanga.

"Dalha!" Ita kaɗai ta rage mai kirana haka. "Wannan hannun wa ye?"

Na ce na kasuwa ne, amma mai tsabta ce.

Dariya ta yi har da tari. Ta ce ita ma ta san hanyar kasuwa. Wai ciyayya abin da ya fito daga tukunyarka ne, ko ƙanzo ne. "Ka kawo mini caɓaɓɓiyar shinkafarka, ta fi."

Ban ga bambancin ba. Abinci dai abinci ne, kuma na Hawwa'u ya fi nawa daɗi. Kwano ya dawo da dambun masara.

Asabar, 12 ga Yuli

Basiru, abokin aikina a shago, ya ce gwauron wata ɗaya ya fi na shekara goma wahala, don shi bai saba ba. Ya ce in ci gaba da zuwa rumfar Hawwa'u haka, mutane za su ce zance nake zuwa. Hawwa'u ta ce ita ba ta auren mai ƙirga yankan nama.

Ban ƙirga ba. Dubawa kawai na yi.

Wani abu: idan faranti biyu zan riƙa saye, sauƙin ya tafi. Idan girki zan yi saboda kwano ɗaya, shi ma ya tafi.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na yi tunani a kan Goggo. Damina ce, hatsi ya yi tsada, ba ta da mai kawo mata sai ɗan abin da ake aiko mata. Ga shi kullum tana ɗiba daga nata tana ba ni, ni da nake dawowa a ƙoshe. Jiya kaji na ba rabin dambun. Wannan asara ce gare ta da gare ni.

Na wanke kwanon tas, har da toka a gindinsa, na goge murfin, na ɗora a katanga babu komai. Idan Sharifa ta dawo sai su ci gaba. Ina ganin na sauƙaƙa wa kowa.

Litinin, 14 ga Yuli

An ɗauke kwanon. Bai dawo ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Na same ta a ƙofar gidanta da safe, na durƙusa na gaishe ta. "Lafiya lau, Malam Dalhatu. Ya mai jiki?" Ta amsa komai daidai, ba abin da ta rage. Malam Dalhatu.

Wataƙila ni ne nake jin abin da babu.

Juma'a, 18 ga Yuli

Sharifa ta kira bayan masallaci. An yi ɗori, amma sai a hankali. Ta tambayi kaji, ta tambayi rufin ɗaki ko yana yoyo, sannan ta ce me Goggo ta aiko jiya. Na faɗa mata yadda na tsara.



"Wankewa ka yi? Ka mayar mata wayam?"

Na ce don in hutar da ita ne.

"Inna lillahi. Abban Amir, ko ƙwayar daddawa ai sai ka jefa a ciki. Ko gishiri." Ta ce kwanon ciyayya ba ya tsallaka katanga babu komai sai in an ɓata, ana so a ce wa mutum ya riƙe nasa. Ta ce kwanon ma ba nata ba ne, a hannun Inna, mahaifiyata, ta gaje shi. Tun Inna na amarya a gidan nan suke yi da Goggo, ranar da aka yi jana'izar Inna ma sai da ya tsallaka.

Na tuna dambun Goggo ina yaro, ina cinsa a zaure kafin in tafi makarantar allo. Ban taɓa tambayar ta ina yake shigowa ba.

Na ce to yanzu ya za a yi. Ta ce ana kiranta, za a juya tsohuwa.

Asabar, 19 ga Yuli

Na auno shinkafa da ɗan mai, na yi sallama na shiga gidanta. Rabona da shiga tun rasuwar mijinta. Tana zaune a kan tabarma tana jiƙa garin kwaki a kofi. Na duba murhu. Ruwan sama ya kwanta a cikin tokar, har wata ƴar ciyawa ta fito a gefen dutsen.

Na ajiye ledar, na fara bayani. Ta bari na gama.

"Allah ya yi albarka. Ɗauki kayanka, ni ba sadaka nake jira ba."

Na ce ba sadaka ba ce. Na ce ai ga shi ko wuta ba ta hura ba.

"In hura wa wa? Mutum ɗaya ai bai kai a hura masa wuta ba."

Na dawo da ledar. Kwanon yana kife a kan randarta, na gan shi, ban tambaya ba.

Na buɗe shafin ranar Talata na karanta. Lissafin yana nan daidai.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ashe saboda kwanon take girki. Tana dafawa don ta sami abin mayarwa, sai ita ma ta ci. Ni na ɗauka nauyi na sauke mata.

Ban je rumfa ba yau. Ban kuma ci komai ba sai shayi. Ba wani dalili.

Litinin, 21 ga Yuli

Na tashi daga shago da wuri, na ce wa Alhaji ina da uzuri. Na sayi busasshen gawayi, garin masara, kuka. Basiru ya ga ledar ya ce, "Sannu amarya."

Tuwo. Na sha ganin ana yi, ban taɓa lura da wanne ake fara zubawa ba. Ya yi gudaji, ƙasan ya kama. Miyar ta tsinke. Na zuba a farin kwanon da nake cin abinci da shi, na rufe da faifai, na ɗora a katanga. Na yi gyaran murya. Na ce, "Goggo, ga shi." Na koma ɗaki.

Bayan magariba aka sako ruwa. Na fita na ɗauko shi, faifan ya jiƙe. Kaji ma sun yi ta juya shi kafin su ci.

Talata, 22 ga Yuli

Na sake yi. Na sake ɗaukowa.

Abin da na kashe kwana biyun nan ya isa in ci a rumfa har ƙarshen mako. Na rubuta ne kawai don a sani.

Laraba, 23 ga Yuli

Faten wake. Na ga kamar shi ba ya buƙatar gwaninta.

Na ɗora, na koma na zauna a bakin ƙofar ɗaki, ban yi kira ba. Can na ji ƙarar murfi. Na ƙi ɗaga kai. Da na duba, katanga babu komai.

Bai dawo ba. Amma an ɗauka.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ina tsakiyar tankaɗe na ji ƙaurin itace. Daga gefenta hayaƙin yake tasowa.

Kafin magariba shuɗin kwanon yana kan katanga, nawa farin a gefensa. Dambu, da zafinsa, har da ƙuli-ƙuli a kai. Ina ɗauka ta yi magana, ban ga fuskarta ba.

"Wake ba a sa masa gishiri tun farko, shi ya sa ya ƙi nuna. Haƙora nawa gare ni?"

Na ce a yi haƙuri.

"Kuma tuwon nan da kake ta kai wa kaji, ina jin ƙaurinsa daga nan. Talge ake fara yi, ka bari ya dahu, sannan ka zuba gari kana tuƙawa. Uwarka ma da ta zo haka take, sai da na nuna mata. Kana ji na, Dalha?"

Na ce ina ji.

Na cinye dambun a tsaye.

Asabar, 26 ga Yuli

Hawwa'u ta hango ni ta ce ko an yi mini wani laifi ne. Na ce a'a. Na ci da rana a wurinta, don da rana babu yadda zan yi. Har yanzu nata ya fi sauƙi, kuma ya fi daɗi. Ban canza ra'ayi a kan wannan ba.

Sharifa ta ce sai bayan wata ɗaya aƙalla. Ta tambayi Goggo. Na ce lafiyarta ƙalau, ta ce tuwona na yau ana iya ba baƙo idan ba a son ya sake dawowa. Sharifa ta yi dariyar da rabon in ji irinta tun kafin tafiyarta. Ta ce in ta dawo za ta karɓi muciyarta. Na ce za mu gani. Ban san me ya sa na ce haka ba.

Gobe:
Gawayi, buhu, ba na leda ba
Daddawa da kanwa
Gyara yoyon ɗakin girki
Kira makarantar su Amir
Tambayi Goggo yadda ake kaɗa kuka kada ta yi ƙulalai
Jiƙa wake tun da safe
Shuɗin kwanon yana wurina. Kafin magariba.